Suna so in kira sunan matata cikin matattu, alhali tana da rai

Zuwa ga Doña Amparo,

Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan tambaya. Ban taɓa zaton zan rubuto wa shafinki ba. Matata ce mai karanta shi. Ni nawa in jira ta gama in hura murhu da jaridar, in kuma yi mata dariya idan na ga tana share hawaye a kan matsalar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Yanzu ba ta iya karatu, ni kuma ga ni a ƙofarki. Kada ki buga sunana. A garinmu Tarata kowa ya san kowa, ko da yake duk wanda ya karanta wannan zai gane mu ko na sauya sunaye.

Na tsufa. A ƙuruciyata na yi shekaru a seminari a Cochabamba, ana horar da ni in zama fada, wato limamin coci. Na fita tun ba a naɗa ni ba, na auri Casilda, mai sayar da cuku a kasuwa, na koma koyar da falsafa a makarantar sakandare har na yi ritaya. Ɗaliban da na koya wa yadda ake gina hujja yanzu suna gina bangon mutane a Ajantina, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce mini darasina ya yi masa rana. Ba ƙorafi nake ba, ina gaya miki ne ki san da wa kike magana.

A seminari an koya mana cewa ruhi ba tsuntsu ba ne da aka kulle a keji, wanda zai iya ficewa ya bar kejin a rataye. Ruhi shi ne abin da ya sa wannan tsoka da ƙashi suka zama mutum mai rai, wane ɗan wane, ba gawa ba. Mutum abu ɗaya ne, ba biyu da aka ɗaure da igiya ba, kuma ba mai raba ruhi da jiki sai mutuwa. An koya mana cewa hankali ikon ruhi ne, da shi mutum ya bambanta da jaki, kuma tun da hankali yana iya kama abin da hannu ba ya taɓawa, kamar adalci ko gaskiyar lissafi, to shi kansa ba nama ba ne, don haka ba ya ruɓewa a kabari. An ce hankali da bangaskiya ba sa faɗa da juna, don Mai ba da su ɗaya ne. Na haddace duk wannan, na ci jarrabawa da shi, na kuma koyar da shi. Bangaskiyar ba rana ɗaya ta bar ni ba. Yoyo ta riƙa yi kamar tulu mai tsaga, har wata rana na leƙa na ga ƙasan a bushe. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da raka Casilda sujadar Misa a coci, ina zaune a bencin baya ina gyara wa fada wa'azinsa a zuciyata.

Sai ciwon mantuwa ya kama ta. Da farko canji take ɓatarwa a kasuwa, ita da ba ta taɓa kuskuren lissafi ba. Daga baya ta manta hanyar gida, ta manta yadda ake ɗaure zani, ta manta sunan 'yarmu, ta manta nawa. Likita a birni ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwarta, ta sa biro a wuraren da suka motse. Na tsaya ina kallo, na ce a raina, ga hankalin da aka ce ba nama ba ne, yana lalacewa kamar dankali a rumbu, gefe bayan gefe. Na fito daga asibitin ina jin na samu hujjar da na daɗe ina nema, kuma ban taɓa baƙin cikin cin gardama irin na ranar ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ki ba. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki, ina tsefe mata kitso yadda na iya. Yini guda ba ta cewa komai, sai dai ta yi ta naɗe gefen mayafinta tana warwarewa. Na saba. Mutum yana sabawa da komai, wannan ma wani abin kunya ne na ɗan Adam.

Bara mijin ƙanwarta Benigna ya rasu, Saturnino sunansa. Da Idin Dukan Tsarkaka ya zo, Benigna ta shimfiɗa masa tebur na shekarar farko, irin wanda ake yi wa mamaci a wurinmu don ruhinsa ya sauko ya ziyarci gida, babba, har ya kusa cika ɗaki. Baƙin ƙyalle, tsanin burodi na saukowa, rake na dogarawa, giyar masara, miyar gyaɗa da yake so, kofin ruwa don ƙishin hanya, da mutum-mutumin burodi mai fuskar yumɓu a tsakiya, an yi masa har da gashin baki. Na kai Casilda don babu wanda zan bar ta da shi. Na zaunar da ita a kujera kusa da bango, na rufe mata ƙafa. Rana ta take tsaka, aka buga ƙararrawar coci, Benigna ta kunna kyandir ta kira sunan mijinta, mata suka fara addu'a, kowa yana satar kallon ƙofa ko zai ga ƙuda ko iska ta shigo a ce ga shi ya iso.

Casilda ta ɗago kai ta dube ni, irin duban da na manta akwai shi a duniya. Ta ce, "Fadana, wa ya yi maka wannan askin? Ya cuce ka." Fadana take kirana tun muna saurayi da budurwa, don tsokana. Rabon da in ji sunan har na daina lissafi. Kafin in ce wani abu ta ce, "Ba ni ruwa, na gaji da tafiya," ta miƙa hannu ta ɗauki kofin da aka ajiye wa mamaci ta shanye. Matar da ke jan addu'a ta tsaya a tsakiyar kalma. Aka kawo mata miya, ta ɗanɗana, ta ce, "Benigna, har yau ba ki iya niƙa gyaɗa ba? Saturnino ya mutu bai taɓa shan miya mai kyau ba." Doña Amparo, Saturnino ya rasu ne bayan ta daɗe da daina gane mutane. Babu wanda ya zaci ta san ya mutu.

Ta yi hira har rana ta karkata. Ta tambayi wa ya karɓi rumfarta a kasuwa. Ta tambayi 'yarmu Zenobia, ta ce, "Tana cin abinci kuwa a can?" Na kira Zenobia a Sifen, wayarta a kashe, tana wurin aiki tana kula da tsohuwar wasu, uwar wasu, don da wannan ake biyanta. Ni kuwa, da na daɗe ina tara maganar da zan faɗa wa matata in ta dawo ko na minti ɗaya, na ɓata lokacin ina kare wanzami, ina ce mata ai hannunsa ne ya fara rawa. Da inuwa ta tsawaita sai na ga idon yana komawa ciki. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne mai motar?" Ta kama gefen mayafinta ta ci gaba da naɗewa. Daga ranar har yau ba ta sake ba.

Na koma wurin likita. Ta ce irin wannan kan faru, kada in sa rai. Na ce me ya sa sai a ranar, me ya sa sai da tsakar rana? Ta ɗaga kafaɗa ta dubi agogo. Na je wurin sabon fadanmu, yaro ne mai kirki, mai babur, ya dafa ni ya ce, "Baba, wannan asirin Allah ne, mu dai mu yi addu'a." A zamaninmu ɗalibin da ya ba da wannan amsa a jarrabawa sai ya maimaita aji. Mutum ɗaya ce ke da amsa a shirye, ita ce Benigna.

Ga abin da ta ce mini, a tsakar gidana, tana ɓare wake ko kallona ba ta yi: "Kai dai rabin fada, ka yi karatu har idonka ya mutu, amma ba ka san matarka ta tafi ba. Tun ranar da babbar mota ta kusa take Yaya a kasuwar garin Cliza kurwarta ta fita don firgita. Na ce a ɗauki mayafinta a je wurin a kira ta ta dawo, ka ce camfi ne. To ta yi yawo ta gaji, ta bi ayarin matattu. A can ta ga Saturnino, in ba haka ba a ina ta sani? Bara raɓawa ta yi a teburin wani, shi ya sa ba ta daɗe ba. Bana a yi mata nata, da burodinta da sunanta, ka ga in ba ta kai washegari tana yi maka faɗa ba."

Na ce mata, in haka ne, wa nake yi wa wanka kowace safiya? Ta ce, "Gidan da ta bari. Ai ko gidan da ba kowa ana share shi."

Da a gaban allo nake, da na wargaza wannan magana kafin a buga ƙararrawar tashi. Ban yi nadamar hana su kiran kurwa a kasuwa ba, ko yau aka sake tambayata zan hana. Ikkilisiya, wato coci, ta ce Casilda tana nan gaba ɗayanta a kan kujerar nan, sai dai ba ta gaya mini ina take shiga duk sauran kwanakin shekara ba. Likita ta ce, ko da ba ta furta ba, Casilda ba ta ko'ina, abin da ya rage ragowa ce, kuma wannan shi ne abin da ni ma na gaskata. Benigna kaɗai ce ta ce tana wani wuri, ana iya aika mata gayyata, ta zo. Ina tsoron Benigna ta yi gaskiya. Kuma ban taɓa son wani ya yi gaskiya kamar yadda nake so ta yi ba.

Fada ya ce ba zai ambaci mai rai a Misar matattu ba, ya kuma ja wa Benigna kunne. Amma tebur ba a coci ake shimfiɗa shi ba, kin sani. Abin da ya hana ta yi gaban kanta shi ne, a wurinmu mijin mamaciya ne ke kunna kyandir ya kira sunanta, kuma idan masu bin gida-gida suna addu'a suka shigo suka tambaya, "Ga ruhin wa?" shi ne ke amsawa. Wato dole sai na buɗe bakina na ce ga ruhin Casilda, tana zaune a gefena tana numfashi.

Zenobia ta nemi hutu, za ta zo. Na gaya mata abin da fada ya ce, ta ce, "Baba, ni ban damu da fada ba. Burodi ne fa kawai. In burodi zai sa Mama ta kira sunana sau ɗaya, a gasa shi. Kai ka samu naka bara." Gaskiya ta faɗa, na samu nawa, na kuma ɓata shi a kan aski.

Benigna har ta sa an yi fuskar. Ta kawo ta a naɗe cikin jarida ta ajiye a kan teburin ɗakin girkina, ta ce in yi tunani. 'Yar fuskar yumɓu ce, ba ta kai tafin hannu ba, da farar malfa da jelar kitso biyu, har da tawadar Allah da ke ƙarƙashin idonta na hagu. Mai fentin ya ɗaga mata gira ɗaya, yadda Casilda ke yi idan mai saye ya taya cuku da arha. Ban mayar da ita ba. Nakan buɗe in duba idan ina jiran ruwa ya tafasa. Ta fi kama da matata fiye da matata. Jiya na ji kaina ina gaya mata cewa rumfar ta koma hannun wata mai sayar da robobi, alhali Casilda tana zaune a bayana.

Wannan ne ya sa na rubuto. A da idan zan ɗaga mata hannu in sa mata riga, nakan ce, "Zan ɗaga hannunki, Casilda." Idan ruwa da sanyi nakan ba ta haƙuri. Kwanan nan na lura na daina. Ina juya ta kamar yadda ake juya katifa. Ban kira sunanta cikin matattu ba tukuna, amma hannuwana sun riga ni.

Idin ya kusa. Mata sun fara layi a gidan burodin unguwa. Ki gaya mini, me zan yi asara in na kunna kyandir ɗin? Ni da ban yarda akwai ruhi ba, wane zunubi ne a kaina in na yi ƙaryar da za ta iya dawo mini da matata na yini ɗaya, ta kuma ba 'yata abin da za ta ƙetaro teku don shi? In kuma babu komai a ciki, me ya sa duk lokacin da na gwada faɗin kalmomin ni kaɗai a ɗakin girki, harshena ke ƙin juyawa? Kada ki ce mini asiri ne.

Tsohon malamin falsafa, Tarata

AMSA

Malam,

Ba zan ce maka asiri ne ba. Zan ce maka kada ka kunna kyandir ɗin, sannan in faɗi dalili.

Da farko bari in ba Benigna haƙƙinta. Ba muguwa ba ce, ba jahila ba ce. Ta binne miji, tana kuma kallon yayarta tana zamewa daga hannunta, ta nemi hanyar da ta sani ta riƙe ta. Ni ma ina shimfiɗa wa iyayena tebur kowace shekara, da tsaninsa da kofin ruwansa, kuma ban ga abin da ya saɓa wa bangaskiyata a cikin tunawa da su da yi musu addu'a ba. Zenobia ma ba son kai ke damunta ba. Ta daɗe tana goge wa uwar wasu baki, tana so tata uwar ta dube ta. Kuma gaskiyarka ce, fada da likita sun sallame ka da hannu wofi. Tambayarka ta cancanci a zauna a kanta.

To, mu zauna. Ka haddace darasinka da kyau, amma ka tsallake wani sashe, kuma na tabbata ka san shi. Ikkilisiya ba ta taɓa cewa mai ruhi shi ne wanda hankalinsa ke aiki a wannan sa'a ba. Ta bambanta samun iko da yin amfani da shi. Jaririn da ake yi wa baftisma bai iya lissafi ba, mai barci ba ya gina hujja, kuma ba a ce ruhinsu ya tafi yawo ba. Ta kuma koyar cewa muddin muna duniya hankali ba ya aiki sai ta hanyar jiki, ta ido da kunne da tunawa. Don haka hoton da likita ta nuna maka bai kamata ya ba tsohon ɗan seminari mamaki ba. Ya nuna maka hanyar ta lalace. Bai nuna maka babu kowa a ƙarshenta ba, kuma hoto ba zai iya nuna wannan ba, ko ta wane ɓangare. Ban ce na tabbatar maka akwai ruhi ba. Na ce gardamar da ka zaci ka ci a asibiti ba a gama ta ba, kuma mutum mai irin horonka ba ya rufe shari'a a kan rabin hujja.

Yanzu maganar Saturnino, wadda ita ce ta fi razana ku. Benigna ta ce a lahira suka haɗu. Akwai bayanin da ya fi kusa. Ina zaton Casilda tana cikinku lokacin da aka kawo labarin rasuwarsa, tana zaune ana kuka, ana shiga ana fita, ana ambaton sunansa a kanta kamar ba ta nan. Ta ji, ta ajiye, ta rasa ta inda za ta fitar. Ranar idi kuma ka tuna abin da ya kewaye ta: ƙanshin burodi da gyaɗa, ƙararrawar da take ji tun tana goye, addu'o'in da bakinta ya sani tun kafin ta san kanta, muryoyin danginta cike da ɗaki. Masu jinyar irin wannan ciwo sun san waɗannan abubuwa kan buɗe ƙofa na ɗan lokaci. Mai bangaskiya zai ƙara da cewa kyauta ce daga Allah, kuma ban ga inda bayanin biyu suka yi karo ba. Ko me ya sa ta ce ta gaji da tafiya, ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙiro maka ba.

Ka tambaye ni me za ka yi asara. Ka riga ka faɗa da kanka: ka daina gaya mata za ka ɗaga hannunta. Tunanin kawai ya yi maka wannan ɓarna, ina ga in ka furta shi a gaban jama'a? Yini ɗaya kake nema, amma kai ne za ka yi mata wankan sauran kwanakin. Sannan ka yi wannan lissafi, wanda ban ga kowa a gidanku ya yi ba. A ce Benigna ta samu abin da take so, rana ta take, Casilda ta ɗago kai ta dawo hayyacinta. Me za ta fara gani? Fuskarta a kan baƙin ƙyalle kusa da ta Saturnino. Me za ta fara ji? Muryar mijinta yana ce wa baƙi ga ruhin Casilda. Matar da ta ji mutuwar mijin ƙanwarta ta ajiye ta har ranar idi, za ta ji tata. In abin bai yi ba, kun binne mai rai a banza. In ya yi, ya fi muni. Ba sai ka yarda da ruhi ba kafin ka ƙi yi wa matarka haka, kuma ina ganin abin da harshenka ke gaya maka ke nan a ɗakin girki.

Ga abin da za ka yi. Ka mayar wa Benigna fuskar a yau, da hannunka, ba da faɗa ba. Ka ce ta adana, ranarta za ta zo, kuma a ranar kai ne za ka kunna kyandir ba sai an roƙe ka ba. Ka kira Zenobia kafin ta hau jirgi, ka gaya mata babu wanda zai iya yi mata alkawarin komai, da burodi ko ba burodi, ta zo don ta ga uwarta yadda take. Za ta ji haushinka. Gara ta ji shi a waya da ta ji shi a gaban tebur.

A shimfiɗa wa Saturnino teburinsa na shekara ta biyu, a yi komai yadda aka yi bara, amma Casilda ta kasance cikin masu tarbar baƙi. Ku kai ta tun ana kwaɓa fulawa, ku sa hannunta a ciki. Zenobia ta tsefe mata kai, ta ɗora mata malfarta. Kada ku ajiye ta jikin bango, ku zaunar da ita tsakaninku. Idan masu addu'a suka tambaya ga ruhin wa, Benigna ta amsa da sunan mijinta, kai kuma ka ce su ƙara ɗaya ta neman sauƙi ga Casilda, ga ta nan zaune. Ka kuma koma wurin fadan nan mai babur ka ce ya zo ya shafa mata man marasa lafiya, wannan na masu rai ne, kuma ko bai iya amsa ba ya iya wannan. Ka nemi wanda zai riƙa karɓarka jinya ko yini ɗaya a mako. Rabin abin da kake kira rashin bangaskiya a hannuwanka gajiya ce.

Wataƙila ta ɗago kai. In ta ɗago, ka bar 'yarka ta fara magana. Wataƙila kuma rana ta take ta wuce ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi yiwuwa, ba zan ɓoye maka ba. In haka ta faru, ka gaya mata su wa suka zo, wa ya tsufa, wa ya yi ƙiba, ka ba ta miyarta, ka ce mata za ka ɗaga ta, sannan ka kai ta gida kafin sanyin yamma ya sauko.

Allah ya ba Casilda sauƙi, ya kawo Zenobia lafiya, ya ji ƙan Saturnino. Kai kuma, Malam, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, zan sa ka a addu'ata cikin masu rai.

Amparo